Santi Tara na Isuhu Tela

Duk wanda ya san Isuhu Tela a Matameye ya san yadda ake gaisawa da shi. Kai kana tsaye, shi yana kewaya ka da babur. Zagayen farko, "Ina kwana?" Kafin ka amsa ya ba ka baya. Na biyu, "Ina gajiya?" Na uku, "Ya mutan gida?" In kuwa kai mai doguwar gaisuwa ne irin Malam Nayusa, limamin unguwarmu, wanda sai ya tambayi lafiyar awakinka, to jiri zai ɗebe ka kafin ku kai ga "sai an jima." Ba wulaƙanci ba ne, kun sani. Ƙafarsa ce ba ta kaiwa ƙasa, in ya tsaya faɗuwa zai yi.

Ni Habu mai faci taubashinsa ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka abin da na ga dama nake gaya masa tun muna yara, yau ma da ba ya nan ba zan fasa ba. Allah ya yi Isuhu gajere, sannan ya zuba masa taurin kan mutum uku. Dogo nake ce masa, shi kuma ya ce mini Baƙin Hannu. Da ya tashi sayen babur, babu wanda bai ba shi shawara ba ya sayi ƙarami irin na matan gidan likita. Ya saurare mu tsaf, ya yi godiya, ya tafi Damagaram ya dawo da wanda ya fi kowanne tsawo a shagon.

Na ce, "Dogo, wannan ai sai da tsani."

Ya ce, "Hawa aka ce ko tsayawa? Wanda ya sayi babur don ya tsaya, ai gara ya sayi kujera."

To amma mutum dole ya tsaya wani wuri, sai ya haddace garin nan kaf. Ya san dakalin masallaci, ya san na mai shayi, ya san kututturen bedin da ke bakin kasuwa. A ƙofar gidansa kuwa wani tsohon turmi ne aka kife masa. Nan kawai yake saukar da ƙafar hagu. In ka ce ya same ka wuri kaza, tambayarsa ta farko ita ce, "Da abin takawa?"

Wata rana a hanyar Dawce wani sabon jandarma ya busa masa usur. Isuhu ya rage gudu, ya fara kewaya shi.

"Na ce ka tsaya!"

"Ranka ya daɗe, wallahi ina so."

"Da wa kake wasa?"

"Takarduna na aljihu, duk sun cika. In da benci kusa, a turo."

Mutumin ya bi ƙafafun Isuhu da kallo suna reto a sama, dariya ta ƙwace masa har usur ɗin ya faɗi. Da kansa ya jawo benci. Daga ranar, da sun hango shi tafe sai ka ji ana cewa a fito da bencin tela.

Haka aka yi ta tafiya har ranar da aka ci amanarsa. Ran kasuwa ne, ya goyo matarsa Dije, tana rungume da kwanon man gyaɗa da za ta kai wa mai saye. Ya nufi kututturensa na bedi hankali kwance, ya miƙa ƙafa. Ashe wani bawan Allah ya tone kututturen ya yi itace da shi! Ƙafa ta taka iska. Babur ya yi tunani kaɗan, sannan ya kwanta da su a tsakiyar masu kayan miya. Tumatir ya watse, mai ya malale, ɗankwalin Dije ya yi nasa wuri. Ba wanda ya ji ciwo, amma rabin Matameye na kallo.

Dije mace ce mai haƙuri, ba a jin muryarta ko a gidan biki. Ta tashi, ta kakkaɓe zani, ta ɗaura ɗankwali, ta ce a gaban kowa:

"Malam, na rantse da Allahn da ya halicce ni, ba ni ƙara hawa bayanka sai ranar da na ga ƙafafunka biyu a ƙasa, dunduniya da yatsu."

Isuhu yana ƙasa, tumatir a gemu, ya ce, "Ke ba ki tambayi wanda ya sace kututture ba, sai ni?"

Da an bar ta haka, da wasa ne. Amma a lokacin autarsu Rabi, wadda ke aure a Tsauni, tana da tsohon ciki, saura kamar wata ɗaya da 'yan kwanaki. Haihuwa ta biyu ce, ba za ta zo wankan gida ba, uwa ce za ta je. Dije ta ce ba komai, ranar suna ta hau ɗan kabu-kabu. Nan ne fa maganar ta soki Isuhu. Ya zo rumfata idonsa jajir.

"Habu, ka ji? Matar mai babur a bayan wani yaro, ta shiga gidan surukaina! Su ce me? Su ce uban Rabi yana da babur amma ba a amince masa da matarsa ba?"

Na ce, "Ai gaskiya za su faɗa."

Bai yi dariya ba, kuma na ji ba daɗi. Shekara talatin da wani abu suna tare, duk inda Dije za ta, shi ke kai ta, tun zamanin keke. Ya ce mini, "Ni zan kai ta sunan nan. A bayana. Ka rubuta."

Ya fara da hanya mai sauƙi. Ya je wurin Malam Nayusa ya tambayi kaffarar rantsuwa. Malam ya ce a ciyar da miskinai goma, ko a tufatar da su, in babu hali a yi azumi uku. Isuhu ya miƙe zumbur.

"Tufatarwa? Allah gafarta Malam, ai an zo gidana! Riga goma, gobe war haka an gama, har da aljihu."

Malam ya ce, "Zauna, Isuhu. Mai rantsuwar ce za ta yarda ta karya. Ta yarda?"

Aka aika wa Dije. Amsar da ta dawo gajera ce: "A gaya wa Malam ina gaisuwa. Rantsuwata ce, ban kai ta kasuwa ba."

Washegari ya turo babur rumfata da tef ɗin awo a wuya. Ya hau, na riƙe masa, ya sa na auna daga dunduniyarsa zuwa ƙasa. Santi tara. Ya sa na sake, wai hannun mai faci ba ya awo. Tara dai.

Na ce, "Abu mai sauƙi. Baduku ya liƙa maka tsohuwar taya ninki uku a takalmi."

Ya gwada kuwa. Kwana biyu yana tafiya cikin gari ɗaiɗai kamar mai tsallake ruwa. Dije ta leƙo ta ce, "Ƙafa na ce. Ba takalmi na aura ba." Ya jefar da su a bayan ɗaki ya dawo wurina, ya ɗaga mini yatsa.

"Laifina ne da na bi shawararka. Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa gyara mutum ba. Ba a gyara mutum, riga ake gyarawa. Babur ɗin nan ya yi mini yawa, rage shi za a yi."

Kun san maganar nan tasa. Ko tuwo ya yi tauri, ko ɗa ya ƙi zuwa lakwal karatun boko, ita ce dai: ba a gyara mutum, riga ake gyarawa. To a kan babur ma da gaske yake. Da kansa ya farke sirdin, ya sa almakashi ya yanke soson ciki, ya mayar ya ɗinke tsaf kamar daga kanti. Aka auna, santi huɗu sun tafi. Illa dai yanzu kusan a kan ƙarfe yake zaune, in ya sauko sai ka ga yana tafiya ƙafa a buɗe. Na tambaye shi lafiya, ya ce sabon wando ne.

Ni kuma na samo masa gajerun sifirin na baya, waɗanda ke ɗauke da nauyin sirdi, daga wani mataccen ƙaramin babur, na sassauta gaban na saukar da shi daidai da bayan. Uku suka ƙara tafiya. Saura biyu. Yatsunsa na taɓa ƙasa sosai, dunduniya ce ta ƙi.

Ya ce a je a nuna wa Dije, wai santi biyu ba ya ganuwa. Muka je. Ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta durƙusa, ta zura ta ƙarƙashin dunduniyarsa. Muciya ta wuce salin-alin ta fito ta ɗaya gefen. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta koma tuƙin tuwonta.

Bayan kwana uku ya aiko a kira ni, wai an gama. Na tarar da shi a kan babur yana washe baki, ƙafa biyu a ƙasa daram. Dije ta zura muciya, ta ƙi shiga. Isuhu ya fara kabbara. Ita kuwa sai ta sa babban yatsa ta danna tayar baya, kamar mai duba nunar mangwaro. Yatsa ya lume.

"Malam, ba yau aka haife ni ba. Habu, buga iska."

Ashe sace iskar ya yi! Na ɗauko famfo na fara bugawa. Muna kallo Isuhu yana tashi sama kaɗan-kaɗan, dunduniya na rabuwa da ƙasa, shi kuma yana hararata yana cewa, "Ya isa! Baƙin Hannu, ya isa mana! Kai taubashin wa ne?"

Ni a nan na ɗauka ya haƙura. Ban san shi ba ke nan, duk da tare muka tashi. Ran kasuwa ta gaba wani saurayi ɗan gayu ya ƙetaro iyaka da babur mai ƙyalli, ya tsaya sayen rake. Isuhu yana wucewa ya ƙyalla ido ya ga tayoyin. Gefensu gajere ne, roba kaɗan ce tsakanin ƙasa da janti, ƙarfen da ake sa wa taya, ba kamar namu masu ƙiba ba. Ko sallama bai yi ba, ya durƙusa ya zaro tef ya hau awo. Yaron ya ɗauka mahaukaci ne. Isuhu ya taso da gudu har rumfata yana haki.

"Habu, na ga santi biyuna! A ƙafar wani yaro suke!"

Na gane abin da ya gani. Na zaunar da shi na gaya masa gaskiyar sana'ata. Na ce tayar nan ta gudurun ce, wato hanyar kwalta, ta 'yan birni. Ba ta da naman da za ta shanye rami, duk dutsen da ka taka sai ka ji shi a haƙoranka, janti kuma ya lotse. Na ce hanyar Tsauni yashi ce, babur ɗinka ya riga ya yi ƙasa, cikinsa zai dinga shara.

Ya ce, "Dije ta rantse a kan yashi?"

"A'a."

"Ta rantse a kan janti?"

"A'a."

"To kai da wa kake gardama?"

Ya rufe shago. Ya je Damagaram, babu. Ya ƙetara Daura, akwai amma ba daidai da jantinsa ba. Wani ya ce masa sai Kano, ya zarce Kano da rigar jikinsa da tef. Kwana huɗu ba labari, ga cikin Rabi ya shiga watansa, Dije ta fara leƙen ƙofa duk da tana cewa ita ba ruwanta. Rana ta biyar sai ga shi ya sauko daga mota a tasha da taya biyu rataye a wuya. Direban ya gaya mini ya ƙi yarda a ɗaure su a saman mota, tun daga Kano a wuyansa suke, fasinjoji na ta zaginsa yana ba su haƙuri.

Na sa su, na buga iska har sai da Dije ta danna ta ce ta yarda. Unguwa ta taru. Isuhu ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya hau. Dije ta durƙusa da muciyarta. Ta tura, ta ƙi. Ta koma ɗaya ƙafar, ta ƙi. Ta aika a ɗauko faifai, ta gwada da gefensa, shi ma ya ƙi. Ta daɗe a durƙushe tana kallon ƙafafun nan biyu masu kaushi a kan ƙasa. Sannan ta miƙe ta ce, "To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, amma Isuhu kamar an ba shi kujerar Makka. Ya sauko, ya buga jak ɗin jingine babur, ya juya yana karɓar barka hannu bibbiyu. Sai muka ji rim a bayansa. Babur ya yi ƙasa, jak kuwa yana nan da tsawonsa na da, ya hana shi jingina, iska ta ɗan taɓa shi ya kife ta ɗaya gefen. Isuhu ya waiwaya ya dube shi a kwance.

"Ku shaida, wannan karon ba ni a kai."

Mai walda ya rage jak ɗin a ranar. Bayan kwana tara Rabi ta sauka lafiya, namiji.

Ranar suna muka tashi bayan sallar asuba. Isuhu ya sha babbar riga, Dije a baya da ƙunshin kayan barka, ni ina bin su a nawa babur da famfo da kayan faci, don na san abin da ke gaba. A kan gudurun lafiya lau, har yana waige yana yi mini gwalo. Muna sauka kan yashi labari ya canza. Taya ta lume, cikin babur ya zauna, injin na kuka ba ya gaba. Na ce Yaya Dije ta sauko ta hau nawa mu wuce wurin.

Isuhu ya ce, "Ta sauka ka gani!"

Dije ta gyara zama ta ce, "Ni a bayan Malam na fito."

Sai ya saukar da ƙafafun nan biyu da ya sha wahala a kansu, ya fara tuƙa ƙasa da su, dama da hagu, injin na taimaka masa kaɗan. Haka muka yi ta yi. In an samu tsandauri ya ɗaga ƙafa, in an shiga yashi ya taka. Gumi ya jiƙa babbar riga, jantin gaba ya lotse a wani dutse, amalanken shanu biyu suka wuce mu, masu su na yi mana sannu. Na roƙe shi ya huta ya sha ruwa, ya ce in ya tsaya za a ce ya gaza. Wallahi rabin hanyar nan a ƙafa ya yi ta, yana zaune.

Mun isa rana ta take. An raɗa suna tuni, an yanka rago har an feɗe. Surukai na zaune a ƙofar gida cike da tabarmi. Isuhu ya nufi tsakiyar fili, inda babu dakali, babu dutse, babu komai, ya taka birki, ya dasa ƙafa biyu. Dije ta sauka a natse, mata suka tarbe ta da guɗa. Shi kuwa ya ƙi sauka. Uban mijin Rabi ya taso ya ce, "Malam Isuhu, bisimilla, ga tabarma."

Ya ce, "Alhaji, bari tukuna. Mu gaisa a nan. Ina kwana? Ina gajiya? Ya mai jego?" Sai da ya gaisa da kowa, ɗaya bayan ɗaya, har da yara, yana tsaye cak a kan babur, ƙafafunsa na rawa don gajiya.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bayan wannan. Ya kai Dije biki, ya kai ta ta'aziyya, ya kai ta likita. Janti kuwa na daina ƙirga sau nawa na buge masa shi. Bara ciwon kwana shida ya ɗauke shi, a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa.

Bayan addu'ar bakwai na shiga gaida Dije. Don in sa ta murmushi na ce, "Yaya Dije, kin dai wahalar da bawan Allahn nan saboda kwanon mai ɗaya."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Habu, kai ma ka yarda don faɗuwar nan ce? Ni da na faɗo daga kan jaki ba adadi ina yarinya?"

Na ce, "To don me?"

Ta ce, "Ana jibi mu faɗi, ina dawowa daga niƙa, na gan shi a mararrabar gudurun. Wata babbar mota ta taho da kaya za ta iyaka. Ya kamata ya tsaya, babu abin takawa, sai ya wuce ta gabanta. Tsakaninsa da ita bai kai tafin hannuna ba. Garin da ke kaina a nan ya zube. Da ya dawo na ce don Allah ya sayar, ya ce ba a gyara mutum. Na rasa yadda zan yi. Da muka faɗi a kasuwa, ina ƙasa na ce Allah na gode, ga dama ta samu. Malam ba ya jin roƙo, amma ba zai iya ganina a bayan wani ba."

"Kin taɓa gaya masa?"

"In gaya masa ya mayar da soson?" Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kwana huɗun da ya yi a tafiyar Kano ban yi barci ba, ina cewa ko na yi yawa. Amma ka ga, a gabana ya cika, ina riƙe da hannunsa. Ba a kan hanya aka kwaso mini shi ba. Abin da na roƙa ke nan."

Na yi mata sallama na fito. Ni da na fi kowa yi masa dariya, ban taɓa tunanin mararrabar nan ba ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Dije haƙurin rashinsa, ya saka mata da alherin abin da ta ɓoye, ya sada su a gidan da ba a rabuwa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.